Lamba Huɗu Ta Tafi Argungu

A wata ƙaramar cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke can bayan gidajen Gesse a Birnin Kebbi, an yi wata kaza da ta fi duk ma'aikatan wurin gata. Ɗakinta ne kaɗai mai fanka biyu. Ruwan shanta sai an tafasa an bari ya huce. Mai shiga wurinta sai ya tuɓe takalminsa ya sa na roba, ya taka ruwan magani a bakin ƙofa, ya wanke hannu da natsuwar da wasu ba sa ba alwala. Sunanta a takarda Lamba Huɗu.

Mai kula da ita Munzali ne, wani Bagobiri dogo, shekararsa goma sha ɗaya a ɗakin gwaji. Mutum ne mai yawan tunani. Ko tambayarsa ka yi ko ya ci abinci, sai ya juya maganar a ransa ya ga ko amsar za ta ɓata wa wani. Mutane suna cewa haƙuri gare shi, shi ma ya yarda haƙuri ne.

Dabarar kazar kuwa ta Malama Rukayat ce, shugabar ɗakin gwajin. Iyayenta Yarbawa ne masu sayar da kwanuka a kasuwa, amma a nan aka yanke mata cibiya, kuma bakinta ya fi na 'yan gari kaifi. Abin da ya dame ta shi ne gumboro, ciwon da ke kwashe tsaki kamar ana shara. Mai kiwo zai wayi gari ya ga tsakinsa sun yi lagwas suna zawo, bai san gumboro ne ba ko fakat, ciwon nan mai murɗe wuyan kaza, sai ya bi shagon magani yana saye da ka har keji ya zama wayam. Kayan gwajin da ake kawowa daga waje kuma, kafin su iso Kebbi zafi ya gama dafa su.

Ta yi wa Munzali bayani tun farko. Idan aka yi wa kaza allurar ƙwayar gumboro da aka riga aka kashe, jikinta zai haɗa garkuwar da ke gane wannan ƙwaya, ta zuba garkuwar a cikin gwaiduwar ƙwanta don 'ya'yanta. To, su sai su riga 'ya'yan. A tace gwaiduwar, a ɗiga a ramin tsakiya na wani faranti mai ɗauke da abu kamar kamu da ya daskare, a ɗiga ruwan jikin mataccen tsako a ramukan gefe. Bayan kwana biyu, in farin layi ya fito tsakanin ramukan, gumboro ne. In bai fito ba, a nemi wani ciwon. Sharaɗin guda ne: kazar ba za ta taɓa haɗuwa da wata cuta ko wata riga-kafi ba a rayuwarta. In ta san cuta biyu, layin zai fito wa biyun, gwajin ya zama shirme.

Shi ya sa Munzali ya ƙyanƙyashe kaji shida da kansa a injin ƙyanƙyasa, ya rufe su a ɗaki mai raga, ya raine su wata bakwai. Biyu suka mutu ranar da wuta ta ɗauke a tsakiyar bazara. Biyu suka ƙi yin ƙwai, suna ci suna kallon mutane. Lamba Biyu tana ba da layin da sai mai ƙarfin imani ke ganinsa. Lamba Huɗu kaɗai ta ba da layi fari sol, kamar an ja shi da alli. Kuma don ƙaddara, ita ce ta fi kyau: ja ce, mai sheƙi, mai faɗin ƙirji, tana tafiya kamar ta san matsayinta.

An tace ƙwanta na sati biyu, an samu 'yar kwalba ɗaya. Ana bukatar na wata uku kafin a ce an yi abin da zai ishi masu kiwo. A daidai nan Darakta ya gayyato baƙo.

Darakta, wato Dokta Nu'uman, bai taɓa ce wa mai babbar riga a'a ba. Baƙon kuwa Alhaji Kalilu ne, shugaban masu kiwon kaji na Argungu, wanda ya sai wa cibiyar firiza mai aiki da hasken rana. Ranar da ya zo Malama Rukayat ta tafi Ambursa ɗauko matattun tsaki, sai Munzali ne ya zagaya da su. Alhaji ya duba farantin, ya gyaɗa kai irin na wanda bai ga komai ba. Da aka kawo shi tagar ɗakin kaji kuwa, sai fuskarsa ta washe, don nan ne fagensa.

"Kai! Tubarkalla. Wagga kaza da kyawo take, Dokta."

"Ranka shi daɗe, ai taka ta."

"A'a, Allah shi bar muku abinku."

"Wallahi Alhaji taka ta."

"Haba, na gode, na gode."

Kowa a ƙasar nan ya san inda ake tsayawa. Baƙo ya yaba, mai gida ya ce taka ce, baƙo ya ƙi. A sake, ya sake ƙi. A nan ake yin dariya a wuce, kowa ya fita da girmansa, abin kuma ya kwana inda yake. Na uku ba wasa ba ne, na uku kyauta ce. Darakta, da daɗin bakinsa ya ɗebe shi, ya buɗe hannuwa ya ce, "Alhaji, in ba ka amsa ba ka rena mu. Munzali, kamo ta!"

Munzali ya tsaya. A cikin kansa maganar ta jeru tsaf: ranka ya daɗe, wannan kazar ita ce aikin gaba ɗaya. Kalma tara ko goma. Sai ya duba fuskar Darakta, ya duba ta Alhaji, ya tuna firiza, ya tambayi kansa ko ya halatta ƙaramin ma'aikaci ya tsinka shugabansa a gaban baƙo. Yana cikin auna wannan mas'ala ƙafafunsa suka sa takalmin roba. Ya taka ruwan magani, ya wanke hannu har gwiwa, don bai manta ƙa'ida ba. Ya kamo ta, ya ɗaure ƙafafunta da bandeji mai tsabta, ya sa ta a kwali, ya huda wa kwalin ramukan iska, ya kai bayan motar Alhaji. Da direba ya rufe but, sai Munzali ya ji wata murya tana cewa, "Allah shi sa ta yi albarka." Muryarsa ce.

Washegari Malama Rukayat ta shiga ɗakin kaji ta fito. Ba ta yi ihu ba, abin da ya fi ba Munzali tsoro ke nan.

"Bagobiri, ina Lamba Huɗu?"

"Tana Argungu, Malama."

"Biki anka gayyace ta?"

Ya ba ta labari. Ta saurara har ƙarshe, hannu a ƙugu.

"Kai kak kamo ta."

"Ni ne."

"Kai kaɗ ɗaure ta."

"Da bandeji."

"Sannu da tsabta. Kakannina sun ce Gobirawa mayaƙa na, ashe mayaƙan ɗaure kaza. Bakinka fa, aro kab ba da shi?"

Ta nufi ofishin Darakta, Munzali na biye. Darakta ya saurare ta yana murza zobensa, sannan ya ce, "Rukayat, ke 'yar gari ta, kin san abin da ba a yi. Ni in aika Argungu in ce a maido kaza? Kin san sunan da za a laƙa min har jikokina? Ba ga wasu kajin nan ba? Kaza ai kaza ta." Ya ƙara da cewa shi dai bai hana kowa zuwa ba, amma bai aiki kowa ba.

Rukayat ta so ta tafi da kanta. Munzali ya roƙe ta kada ta yi, don ya san in ta buɗe baki a zauren Alhaji firizar ma sai ta bi kazar. Ya ce shi ya kai, shi zai karɓo. Ta ba shi kwana uku.

Ya ɗauki ashirin. Ba lalaci ba ne, tunani ne. Ya zauna da mas'alar kamar alƙali. Wanda ya ba da kyauta ya koma ya karɓa, an san abin ƙyama ne, tun yana yaro yake jin malamai na faɗa. To, amma shi ne ya ba da? Darakta ne. To Darakta ya ba da abin da ba nasa ba, ashe kyautar ba ta ƙullu ba. Amma in ya faɗa wa Alhaji haka, ya kira shugabansa mai kyauta da kayan mutane, wannan kuma tonon asiri ne. In ya yi shiru, tsakin mutane na mutuwa. Amma tsakin nan, in kwanansu ya ƙare, faranti ne zai hana? Ranar kwana na goma sha ɗaya har tasha ya je, ya shiga motar Argungu, ya zauna a gaba. Ana jiran cikon mutum biyu wata sabuwar hujja ta zo masa, ya sauka ya koma gida don ya duba ta da kyau.

Abin da ya yanke shari'ar wata mata ce daga Ambursa. Ta zo da buhun siminti cike da matattun tsaki, sauran na gida suna layi. Rukayat ta ɗaga 'yar kwalbar nan ta Lamba Huɗu a gaban Munzali, ta kife ta, ko ɗigo bai faɗo ba. Ta ce wa matar, "Inna, ki yi haƙuri, ba mu iya gaya miki ko mine ne. Ga wanda za ki tambaya dalili." Matar ta dube shi, ba ta tambaye shi komai ba, ta ɗaure bakin buhunta ta fita. Da safe ya sake shiga motar Argungu, wannan karon bai sauka ba.

Ya iske Alhaji Kalilu a zaurensa da mutane kamar takwas, masu kiwo da masu zuwa gaisuwa. Aka yi masa maraba irin ta manzon Darakta. Aka gaisa, aka tambayi Birni, aka tambayi ruwan fadama da shinkafar bana. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, Alhaji da kansa ya tura masa kan kifin. Kowace loma da Munzali ya haɗiye sai ya ji maganar da ya zo da ita ta ƙara nauyi, don yanzu ba kyauta kaɗai zai karɓe ba, zai karɓe ta ne da man miyar mai gida a hannunsa.

Aka yi azahar, aka dawo. Alhaji, wanda ya shekara talatin yana karanta fuskar masu zuwa neman abu, ya gyara zama ya ce, "Malam Munzali, tun ɗazu kana kallon ƙohwar gida. Lahiya dai?"

"Lahiya lau, Alhaji. Dama... kazar nan ta."

"Tana nan, ta yi ɓul-ɓul. Gaishe ta kaz zo yi?"

Aka yi dariya. Munzali ya dubi tabarma. Cikin kwana ashirin ya tanadi jawabai huɗu, duk suka gudu, sai wata kalma da bai taɓa shiryawa ba ta faɗo daga bakinsa.

"Aronta niz zo yi, ranka shi daɗe."

Alhaji ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar.

"Aro. Jama'a kun ji? Na ga aron jaki, na ga aron kwalekwale, na ga aron riga ranar Salla. Yau ga masu ilimi sun taso tun daga Birni aron kaza." Ya bari dariyar ta lafa. "In kyautar ku ka son amshewa, ɗana, hwaɗi kai tsaye, ba ni riƙe ta."

"A'a wallahi, aro na. Ƙwanta ɗai muka so, na ɗan lokaci."

"To ba komi. Ku ci arziki. Amma ka hwaɗa ma Dokta ban wulaƙanta kyautarshi ba." Ya sa aka ɗauko ta. Ta ƙara ƙiba, jan gashinta har ɗaukar ido yake. Alhaji ya shafa bayanta yana alfahari. "Da hwarko keji nata ita ɗai nis sa ta, nan tsakar gida, don ta ƙi sakewa da sauran. Sai mai yi muna allura yaz zo, nit tambaye shi, yac ce ga alama ko riga-kahi guda ba a taɓa yi mata ba. Nic ce subhanallahi, a gidan likitoci! Nic ce duk abin da ag gare ka cikin kular maganin nan ba ta. Ta fakat, ta ƙyanda, ta mashaƙo, har da wata sabuwa mai tsada da ban yi ma nawa ba. Kyautar babban mutum ba a yi mata rowa."

Munzali ya ɗago kai. "Yaushe anka yi mata, Alhaji?"

"Ran Talata waccan. Kwana tara ke nan."

Bai bukaci alƙalami ba. Talatar nan ce ya zauna a gaban motar Argungu, ya sauka don ya duba sabuwar hujja. Da ya bari motar ta cika, da ya riga mai allura isowa, ko su yi karo a ƙofa.

Ya yi godiya. Har da cewa Allah ya saka da alheri, kuma abin haushin, Alhaji ya cancanci addu'ar.

Ya dawo da Lamba Huɗu cibiya, ya ba Rukayat labari. Ta bari kazar ta yi ƙwai na sati guda, ta tace, ta haɗa faranti. A ramin tsakiya gwaiduwar Lamba Huɗu. A ramuka shida na gefe: gumboro, fakat, ƙyanda, mashaƙo, wani ciwon da suka ajiye a firizar da Alhaji ya sai musu, sai na ƙarshe ruwan jikin lafiyayyen tsako. Bayan kwana biyu suka ɗaga farantin a hasken taga. Farin layi biyar, sun kusa haɗa zobe. Lafiyayyen tsakon ne kawai ba ta yi wa shaidar zur ba.

"Ta je gidan manya ta koyo hali," in ji Rukayat. "Duk wanda yaz zo, e ranka shi daɗe. A Turai akwai injin da ka rarrabe wagga garkuwa da waccan. Mu nan rariya ag gare mu."

Suna tsaye Darakta ya shigo. Ya karɓi farantin, ya kai shi kusa da tabarau, fuskarsa ta cika da annuri.

"Allahu akbar! Dauri layi guda take ba mu, yanzu biyar! Kun gani? Kuna ta kuka, ashe tahiyar ta ƙara mata albarka. Sai mu sa ranar ƙaddamarwa, a kira 'yan jarida."

Rukayat ta yi masa bayani da Hausa, ta sake da Turanci: duk mai kiwon da ya kawo tsako, ko me ya kashe shi, za a ce masa gumboro ne, ya tafi ya yi maganin abin da ba shi ke damunsa ba. Darakta ya ce wannan ƙananan bayanai ne da za a gyara bayan taro, wa zai ƙirga layi a gaban kyamara? Ya juya ga Munzali. "Ko ba haka ba, Munzali?"

Kalmar a wannan karon ɗaya ce tak, harafi uku: a'a. Ta zo wa Munzali har kan harshe. Ya dubi Darakta, ya dubi farantin, ya tuna matar Ambursa tana ɗaure bakin buhu. Ya ce, "Allah shi kai mu, ranka shi daɗe."

Rukayat ta ajiye farantin a hankali ta fita.

Ranar Asabar, da ba kowa a cibiyar, Munzali ya sa takalmin roba, ya kamo Lamba Huɗu, ya ɗaure ta da bandeji. Ya kwashe ƙwanta duka har da wanda aka tace, ya zubar da tataccen a rami, ya jera sauran a kiret. Wannan karon bai zauna auna komai ba, har shi kansa ya yi mamaki. Ya iske Alhaji a zaure da jama'arsa, ya durƙusa ya ajiye kwalin, ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa zai ji.

"Alhaji, ga aro na maido. Dokta na gaisuwa, yac ce abin da yab ba ka ya ba ka har abada, ko ƙwanta bai yarda a bari wurinmu ba."

Zauren ya ɗauki kabbara. Alhaji ya ce ai ya san Dokta ɗan asali ne, a take ya kira shi a waya, ya sa a amsa-kuwwa, ya yi ta zuba masa yabo a gaban mutane. Munzali yana jin muryar Darakta daga Birnin Kebbi, siririya kamar ta wanda ya haɗiye ƙaya, tana cewa, "Ba komi Alhaji, ai taka ta, taka ta."

Ranar Litinin Darakta bai amsa gaisuwarsa ba, kuma bai sake amsawa ba har damina ta wuce. Amma bai aika Argungu ba. Ba a yi taro ba, ba a ce wa kowa gumboro ne alhali ba shi ba ne. Ba a kuma ce wa kowa komai ba, don babu abin gwadawa. Masu buhu suka ci gaba da zuwa suna komawa.

Munzali ya sa sabbin ƙwai goma sha biyu a injin, aka koma farkon wata bakwai. Da kajin suka fara girma suna sheƙi, wata safiya Rukayat ta leƙa ta taga ta gan shi tsugune da almakashi da kwalbar maganin nan shuɗi da ake shafa wa miki. Ya yanke musu jela, ya daddatse gashin wuya, ya bi kowace da shuɗi a kai da fiffike, har suka koma kamar abin da aka tsamo daga rijiyar marina. Ba baƙon da zai gan su ya ce tubarkalla.

"Bagobiri, mi kaka yi haka?"

"Riga-kahi, Malama."

Ta dube shi ta cikin raga. "Wato ka gwammace ka aske kaza goma sha biyu da ka ce ma mutum guda a'a."

Munzali ya buɗe baki zai amsa, sai ya ga maganar tana da fuska biyu, kuma ya kamata a duba kowace da kyau. Ya kamo ta gaba, ya ci gaba da shafa mata shuɗi.